Ƙunshi Bakwai a Ɗakin Mama Nanret

Ƙarfe bakwai da rabi na safe Mama Nanret Davou take ɗiga maganin ido. Ɗigo ɗaya a dama, ɗaya a hagu, sannan ta runtse ta jira raɗaɗin ya lafa. Daga nan sai ta ja teburinta zuwa jikin taga, a hawa na biyu na wani tsohon gidan haya a Hyattsville, a nan Amurka, domin hasken safiya kaɗai ya rage mata da take iya ganin bakin ƙyalle da shi. Daga takwas zuwa sha ɗaya take aiki. Da rana ta juya bayan ginin, sai ta ajiye. Zura zare a allura kuwa tun bara ya gagare ta, don haka duk Lahadi bayan an taso daga sujada 'yarta Abby ke zura mata allurai ashirin, ta jera su a jikin wani ƙaramin matashin kai. Ranar da allurai ashirin suka ƙare, aikin mako ya ƙare, ko da Laraba ce.

Bargo take ɗinkawa, irin na mutanen ƙasar nan, wanda ake yayyanka ƙyallaye ƙanana a haɗa su, a shimfiɗa auduga a tsakiya, a sa wani yadi a baya, sannan a bi da allura a ɗinke ukun wuri guda. Wata tsohuwar Baturiya da ta yi wa aikin jinya shekara goma sha ɗaya a Greenbelt ce ta koya mata. Sai dai Mama Nanret ba ta zuwa kanti sayen yadi. Da tufafin mamata take aiki, mutanenmu da suka rasu a gida alhali 'ya'yansu ko matansu ko iyayensu suna nan, babu halin zuwa jana'iza.

Mun iya kama zauren otal mu raba wa juna lambobin yabo, kowa ya sha babbar riga a yi ta ɗaukar hoto. Shekara goma sha tara matar nan tana wannan aiki, ba a taɓa kiran sunanta a lasifika ba. Yanzu tana da shekara sittin da takwas, likita ya ce hawan jinin ido ya cinye na hagu, na dama kuma watanni suka rage masa. Abby ta sami aiki a Dallas, kuma ƙarshen watan nan za ta tafi da uwarta. Shi ya sa na ga in ban yi magana yanzu ba, na makara.

Asalin abin daga kanta ya fara. Shekararta biyu da zuwa, takardunta ba su fito ba, rikici ya ɓarke a gida, aka kashe mijinta Davou a hanyarsa ta dawowa daga garejinsa. In ta tafi ba za ta dawo ba, ga Abby tana 'yar shekara shida a hannunta. A waya ta ji an binne shi. Bayan wata uku wani matafiyi ya kawo mata rigarsa ta aiki. Ƙanwar mijin, saboda ƙauna da son a fita kunya, ta wanke rigar tas, ta sa mata bula da sitaci, ta goge ta har tana ɗaukar ido. Mama Nanret ta buɗe ledar, ta cusa fuskarta a cikin rigar, ba ta ji komai ba sai ƙamshin sabulu. Ba warin baƙin mai, ba gumi, ba mutumin da ta yi shekara goma sha huɗu tana kwana kusa da shi. Ta sha faɗa cewa a wurinta ranar ce Davou ya mutu.

Daga wannan baƙin ciki ta kafa dokokinta guda uku, kuma ba ta taɓa sassauta wa kowa ba. Ba a wanke tufafin. Wurin da ya fi ƙoɗewa, wanda kowane tela zai yanke ya yar, shi ake sawa a tsakiyar bargon. Sannan yankan farko ba nata ba ne, mai mamacin ne zai riƙe almakashi ya fara da hannunsa.

Injiniya Almu, da ke zaune a Laurel, ya ba ni labarin nasa. Mahaifiyarsa ta rasu a Zariya lokacin korona, babu jirgi. Aka aiko masa da zannuwanta uku. A bakin ɗaya akwai ƙulli, inda tsohuwar take ɗaure goronta. Ya kai hannu zai kwance, Mama Nanret ta buge hannun kamar ta kama yaro yana satar nama a tukunya.

"Bar shi, ɗana. Hannunta ne ya ƙulla. In ka kwance, wa zai sake ƙulla maka?"

Ƙullin yana nan a tsakiyar bargonsa har yau, da jan goro a jikinsa. Ya ce mini shi mutum ne da ba ya kuka, amma ranar da ya karɓi bargon sai da ya tsayar da mota a gefen hanya. Irin wannan bargo guda sittin da uku ta ɗinka. Na Kirista da na Musulmi, na wanda ciwo ya ɗauka da na wanda aka kashe. Ba ta tambayar wa ya kashe wa. Abin da take tambaya shi ne yadda mutumin yake zama, da hannun da yake cin abinci da shi, da aljihun da ya fi sa hannu a ciki.

Ke ce, Mama, kika zauna da mutanen da kowa ya gama yi musu ta'aziyya ya koma harkarsa. Mu mukan zo kwana uku, mu kawo shinkafa a kula, mu ce a yi haƙuri, mu duba agogo saboda aikin gobe. Ke kuwa sai bayan wata shida ake ƙwanƙwasa miki ƙofa, lokacin da waya ta daina ƙara, mutum ya rage daga shi sai leda ɗaya ta tsummokara.

Mama Nanret 'yar ƙungiyar Allura da Zare ce, ƙungiyar matanmu masu ɗinkin bargo a wannan yanki, su ashirin da 'yan kai. Suna da wata al'ada da suke ji da ita: Asabar ta farko a watan Oktoba sukan cika mota su zaga gidajen juna, kowace ta nuna ɗakin ɗinkinta. Ranar nuna gata ce. Mai sabon keken ɗinki ta nuna, mai sabon kabad ta buɗe. Shekara goma sha huɗu ana wannan zagaye, Mama Nanret tana shiga mota tana yaba na kowa, amma ba ta taɓa yarda a zo nata ba. "Ɗakina ba na kallo ba ne," shi ne iyakar abin da take cewa. Baki kuwa bai bar ta ba. Wasu suka ce rowar salon ɗinkinta take yi, wasu suka ce ɗakin ne ba ya shiguwa. Waɗanda suka san gaskiya suka yi shiru, don su ma ba son shiga suke yi ba.

Bana ita ta kira shugabar ƙungiyar, Irene, 'yar Kafanchan, ta ce a sa ta a jerin, amma a ƙarshe. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A kan kantarta akwai ƙunshi bakwai na amanar mutane da ba ta taɓa ba, ido ya ƙare, kwana ashirin da bakwai suka rage mata a garin. Ta lissafa allurai, ta lissafa safiyoyi, ta ga ko rabin ɗaya ba za ta gama ba. Mayar wa mutum tufafin mamacinsa a leda yadda ya kawo su kuwa, a wurinta daidai yake da a ce masa ya sake binnewa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, dole ta nemi hannaye.

Su goma sha ɗaya suka fito ranar. Aka fara da Greenbelt, gidan Olive, mai keken da ya kai tsawon gado, wanda ake latsa masa na'ura ya yi ta zana furanni shi kaɗai, uwar ɗakinsa tana shan shayi. Aka wuce Laurel, ɗakin ƙarƙashin ƙasa na Hajiya Rabi, inda atamfofi suke jere bisa launi kamar kantin Kwari. Aka ci cincin, aka sha zoɓo, aka yi ta tsokanar Olive cewa saura ta koya wa kekenta tuƙa tuwo. Mama Nanret tana kujerar baya, jakarta a cinya. Ta ga ɗakuna masu haske da ƙamshin sabon yadi, ta tuna nata, ta ji kamar ta ce wa direba a wuce Hyattsville kawai.

Ƙarfe uku suka hau matakalarta suna dariya. Da ta tura ƙofar ɗakin, dariyar ta mutu a bakin ƙofa. Ba ƙazanta ba ce, ɗakin a share yake fes. Wari ne na mutane: gumi, hayaƙin itace, turaren wuta, man shafawa, taba. Warin gida ne, na mutanen da ba sa nan. Tsohon keke baƙi a gefe, tebur a jikin taga, kujera ɗaya ta baƙo da almakashi a kanta. Sai ƙunshi bakwai a kan kanta, kowanne a ɗaure cikin leda biyu.

"Ku shigo, ba sa cizo," in ji ta. Ba wadda ta yi dariya.

Ta tsaya ta dafa tebur, ta faɗa musu komai ba tare da kwana-kwana ba: idon, da Dallas, da kwanakin da suka rage. "Ban kira ku don ku yaba ba. Babu abin yabo a nan. Mutum bakwai ne suka ba ni nasu, na ce musu to. Ina roƙon ku, 'yan'uwana, ku fitar da ni kunya."

Irene mace ce mai zafin nama, ba ta iya ganin aiki ta tsaya. Ta sauke ƙunshi ɗaya ta kwance, ta ɗaga wata riga mai dogon hannu, ta duba ta da idon gwana.

"Ba damuwa, Mama. Wikend ɗaya ne. Mu jiƙa su duka a ruwan ɗumi kada su zuba, mu busar, mu goge. Wannan hannun kuma ya mutu, dubi yadda ya ƙoɗe, sai a yanke shi a yar, a ɗauki bayan rigar, nan ne yadin yake da rai."

Duk wadda ta koyi ɗinkin bargo haka aka koya mata, kuma sauran matan har sun fara gyaɗa kai. Mama Nanret ta lalubo wuyan hannun Irene ta riƙe. Muryarta ba ta tashi ba.

"Irene, wannan gwiwar hannun direba ce. Shekara ashirin da biyu tana kan tagar mota tsakanin Jos da Bauci, da ita ya ciyar da 'ya'ya biyar. 'Yarsa ba yadi ta kawo mini ba, akwai yadi a kanti. In kin wanke, kin yanke nan, me za ki ba ta?"

Irene ta dubi hannun rigar, ɗaya ya ƙoɗe fari fat, ɗayan yana nan da launinsa. Ta nemi gefen tebur ta zauna. Sai da Mama Nanret ta gama bayanin dokokin nan uku, ɗaya bayan ɗaya, sannan matan suka gane nauyin abin da ake roƙon su. Ɗinkin shi ne mai sauƙi. Sai ka shigar da warin mamaci gidanka, ka zauna da mai kuka, ka ji labarin da ba ka so ka ji.

Biyu suka sulale suka koma mota. Olive ta share hawaye ta ce, "Mama, ki gafarce ni. Jikokina suna kwana a gidana. Ba zan iya ajiye kayan matattu a inda suke wasa ba." Wata ta ce ita ko hoton mahaifinta ba ta iya kallo har yanzu. Ban ga laifinsu ba, kuma Mama Nanret ma ba ta gani ba, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Amma tana tsaye tana jin ƙafafu suna ja da baya, ta ji zuciyarta ta karye, don ba ta da wata dabara bayan wannan.

Irene ce ta fara. Ta naɗe rigar direban yadda ta same ta, ta ɗauki wani ƙunshin ta haɗa, ta rungume biyu. Hajiya Rabi ta ce bismillah ta ɗauki ɗaya. Wata malamar makaranta ta ɗauki na huɗu. Daga nan hannaye suka tsaya. Saura uku, kuma ɗaya daga ciki, ƙarami a can ƙarshen kanta, Mama Nanret da kanta ta ce shi ne mai wuya.

Na Gregory ne, mai gadin wani ɗakin ajiyar kaya a Laurel, mutumin wani ƙauye a kudancin Kaduna. Shekara huɗu da suka wuce mahara suka shiga ƙauyen, yana nan yana gadin kayan wasu. Cikin waɗanda aka kashe har da 'yarsa Salome, mai shekara tara. Abin da aka aiko masa rigar makarantarta ce, wadda ta cire ranar Juma'a ta rataye a ƙusa, da tabon mangwaro a aljihu. Sau tara yana zuwa ɗakin nan. Ya zauna a kujerar, ya ɗauki almakashi, ya buɗe bakin almakashin a kan rigar, ya kasa. Mama Nanret ta dafa masa shayi, ya sha, ya tafi.

"Wadda za ta ɗauki wannan ba ɗinki za ta yi ba," in ji ta. "Jira za ta yi. Wataƙila shekara, wataƙila har abada. Kuma ba za ta taɓa ce masa ya daure ba."

Daga bayan mutane wata ta ce, "Ni zan ɗauka, Mama."

Tayyiba ce, mai harhaɗa magunguna, 'yar Tudun Wadan Kaduna, wadda ba ta fi shekara da shiga ƙungiyar ba, ko gefen bargo ba ta gama iya naɗewa ba. Kowa ya dubi hijabinta, kowa ya kawar da kai, don babu wadda ba ta san abin da ake faɗa a gida game da masu kai irin wannan hari ba. Irene ta matso ta rage murya.

"Mama, ki yi tunani. Kin san abin da zai ji in ya gan ta."

Tayyiba ta ji. Ta ce, "Anti Irene, ba ki yi ƙarya ba. Amma a makon da aka shiga ƙauyensu, an tare hanya don ramuwa, aka sauke ƙanena Fatihu daga mota. Har yau ba a ga gawarsa ba. Ni ko tsumma ba a aiko mini ba. In akwai wanda ya sami riga, ina so in taya shi riƙe ta."

Mama Nanret ta juya wajen da muryar Tayyiba ta fito. Tsoro take ji, kada garin neman mafita ta ƙara wa bawan Allah ciwo. Sannan ta ce ba ita ke da ikon yankewa ba, ta miƙa wa Irene wayarta ta ce ta nemo mata lambar Gregory, a buɗe kowa ya ji. Ya ɗauka yana bakin aiki. Ta gaishe shi, ta faɗa masa za ta tafi, ta faɗa masa sunan wadda ta nemi ta karɓi rigar, da garinsu, da abin da ya sami ƙanenta. Ba ta ɓoye komai ba. Ana jin ƙarar wata babbar mota tana ja da baya a inda yake, sannan ya yi tambaya.

"Mama, ta san ba na iya yankawa?"

"Ta sani, ɗana."

"Ba za ta matsa mini ba?"

Tayyiba ta matso kusa da wayar. "Baban Salome, sannu da haƙuri. Akwai kujera a gidana. Ran da ka ga dama ka zo, ran da ba ka ga dama ba, rigar tana nan yadda ka bar ta."

Ya ja numfashi. Sannan ya amsa.

"To. Don Allah kada a wanke."

Ke ce, Mama Nanret, uwar marasa zuwa jana'iza, kika yi shekara goma sha tara kina shaƙar baƙin cikin mutane a ɗaki ɗaya, kika ƙarar da idonki a kan gwiwar hannun direba da ƙullin goron tsohuwa. Ba ki hana a kashe kowa ba, ba ki dawo da kowa ba. A gida ana ci gaba da binne mutane, ledoji kuma suna ci gaba da sauka a filin jirgi. Amma mutum sittin da uku a ƙasar nan suna da abin da za su lulluɓa da shi su ji warin nasu, kuma daga hannunki ya fito. Mun gode. Allah ya saka miki, ya sanyaya miki duhun da ke tafe, ya sa Abby ta riƙe ki yadda kika riƙe mutane.

Asabar da ta wuce Gregory ya je gidan Tayyiba. Ya tsaya a bakin ƙofa ya fi minti biyar kafin ya shiga. Ya zauna, ya ɗauki almakashi, ya riƙe, ya ajiye. Ta kawo masa shayi, ya sha ya tafi. Da aka ba Mama Nanret labari, tambaya ɗaya ta yi, ko yarinyar ta ce masa ya daure. Aka ce a'a. Ta ce, "To, ta iya."

Saura ƙunshi biyu a kan kantar. Ɗaya na wata ungozoma ce daga Pankshin, ɗaya na wani ɗalibi da bai kai ga rubuta jarrabawarsa ta ƙarshe ba. Masu su suna nan cikinmu, muna haɗuwa da su a kantin kayan miya a Hyattsville, muna gaisawa, ba su san cewa har yanzu ba a sami mai karɓar nasu ba, don Mama ta kasa faɗa musu. Motar kwasar kaya za ta zo ranar talatin da ɗaya ga wata. 'Yar'uwa, ko ɗan'uwa, in kana da allura da kujera ɗaya ta baƙo, ba sai ka gwanance ba, za ta koya maka da bakinta tun da sauran kwana. Ka je da safe, kafin sha ɗaya, lokacin da za ta iya ganin fuskarka.